Obiageli da Agogon Dubai

A Sabon Gari babu wanda ya taɓa zuwa shagon Obiageli don neman fara'a. Mace ce gajera mai jiki, gilashinta kullum a kan karan hanci, in ka gaishe ta sau biyu za ta amsa sau ɗaya. Aiki ake zuwa nema a wurinta, kuma ana samunsa. In ta buga maka takarda ba sai ka sake dubawa ba.

A nan Kano aka haife ta. Ubanta ma'aikacin reluwe ne. Tana yarinya aka yi tashin hankalin da ya kori mutanensu zuwa gabas, aka yi yaƙi, ta dawo da uwarta babu uban. Ba ta maganar wannan, wanda ya tambaye ta kuwa sai ta tambaye shi kwafi nawa yake so. Ta koyi tafireta, ta kafa tebur a gindin wata darbejiya a bakin kotu, ta shekara ashirin tana buga wa mutane takardun rantsuwa. A nan ta yi aure da wani tela mai suna Cyprian, ta haifi ɗa ɗaya, Kelechi. Ciwon suga ya kashe telan, ɗan ya girma ya tafi Fatakwal.

Da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, sai gari ya canza mata a hannu. 'Yan takara suka cika ko'ina, kowa yana son takardarsa da hoto da launi. Wayar salula ta shigo, intanet ta biyo baya. Abokan zamanta na bakin kotu suka naɗe tafiretocinsu suka koma gida ɗaya bayan ɗaya. Ita ta ƙi. Tana da furfura ta zauna a aji ɗaya da sa'o'in ɗanta ta koyi kwamfuta, sannan ta kama wani ɗan shago a bayan Titin Faransa, kusa da Monica mai sayar da abinci.

Kwamfutar da take ji da ita ta hannu ce, wani ɗan kasuwar Kwari ya sayo mata daga Dubai. Tana aiki lafiya, sai dai ɗan batirin da ke riƙe mata agogo ya mutu tun tuni. Duk safiya in aka kunna ta sai ta farka da wani lokaci na hauka. Obiageli ba ta ga abin kai wa mai gyara a nan ba. Sai ta dubi agogon hannunta, ta danna, ta saita na kwamfutar da hannu. Ta yi shekaru tana haka, kuma a ganinta agogon bai taɓa yi mata ƙarya ba.

Ƙawa ɗaya gare ta a duniya, Alhaja Adijat, Bayarbiyar Fagge mai sayar da leshi a Kantin Kwari. A layin awo suka haɗu suna da ciki, ɗaya ta haifi Kelechi, ɗaya ta haifi Waliu. Da Hausa suke magana, don ita ce bakin da su biyun suka tashi da shi.

A shekarar da aka yi zaɓe na huɗu tun dawowar farar hula, ƙodar Waliu ta daina aiki. Aka yi ta wankin ƙoda har jijiyoyin hannunsa suka gaji. Ƙanwarsa Kaosarat ta ce za ta ba shi tata. Aka haɗa su su biyu aka tura Indiya, uwar ta zauna don hawan jini ya hana ta jirgi. Can asibitin suka ce ba a dashe sai wani kwamiti ya zauna ya tabbatar ba sayen ƙodar aka yi ba, ba kuma tilasta yarinyar aka yi ba. Kwamitin ya ce sai ya ga uwarsu ido da ido ta kwamfuta. Sau ɗaya yake zama a wata. Bizar yaran kuwa ba za ta kai wani zaman ba, jikin Waliu ma da wuya ya kai.

Gayyatar ta zo ta imel ɗin shagon Obiageli. Irin saƙon nan ne da in ka amsa sai ya shige cikin kalandar kwamfuta da kansa ya zauna a kan ranarsa da lokacinsa. Obiageli ta danna ta amsa, ta ga ya zauna a ranar Talata, ƙarfe ɗaya na rana.

Ranar Litinin da yamma Adijat ta zo ta zauna a kan bencin shagon, ta cire takalmi tana matsa ƙafa.

"Maman Kelechi, yarinyar nan fa biyu da rabi ta ce mini a waya."

"Biyu da rabi nasu ne, Alhaja. Namu ɗaya. Kwamfuta ta riga ta juya shi."

"Kin tabbata?"

"Na taɓa ba ki takarda da kuskure?"

"Ke dai da baƙar magana. Tambaya na yi."

"To na amsa. Ki zo sha biyu ki zauna ki huta, kada ki shigo musu kina haki kamar wadda kare ya biyo."

Adijat ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Tana ɗaura ɗankwali ta ce, "Garin nan nasu ma ban gane kansa ba. Jiya na idar da azahar na kira ta, wai in dakata ana kiran magariba. Kamar ba rana ɗaya Allah ya ba mu ba." Obiageli tana rufe taga a lokacin, ta ce "Uhm," maganar ta wuce.

Washegari ta buɗe shago da ɗan jinkiri, don ta tsaya neman fetur saboda kada janareta ya ba ta kunya. Tara ta wuce lokacin da ta kunna kwamfutar. Ta dubi hannunta za ta saita agogo kamar kullum, sai maganar jiya ta dawo mata.

Obiageli Kirista ce, ba ta taɓa sa goshi a ƙasa ba, amma ta yi rayuwarta kaf a garin da ladan ke raba wa mutane yini. Ta san tsakanin azahar da magariba ba awa ɗaya da rabi ba ne. A tsakaninsu ake la'asar, a tashi daga kasuwa, Monica ta wanke tukwane. Awa huɗu ne da wani abu. In Kaosarat tana magariba uwarta tana azahar, to ƙarfe ɗaya ba ta da wurin zama a lissafin nan.

Obiageli ta matso da kujerarta. A jikin ɗan akwatin da ke fitowa a allon kwamfutar in za ta saita agogo akwai wani shafi na biyu da ba ta taɓa buɗewa ba, don ba ta taɓa buƙatarsa ba. Ta buɗe. Ga taswirar duniya, ga layi ɗaya a samanta ɗauke da sunan wani birni na ƙasar su Dubai. Duk shekarun nan kwamfutar ba ta san ta zo Kano ba. Obiageli tana gyara mata hannun agogo, ita kuwa a ranta tana can inda aka sayo ta, kuma da agogon can ta juya gayyatar.

Ta laluba cikin jerin sunayen har ta sami na Afirka ta Yamma, ta danna, ta sake saita lokaci, ta koma kalanda. Gayyatar ta tashi daga inda take. Ta koma ƙarfe goma na safe.

Ba ta yarda da kwamfutar nan take ba, tunda yanzu ta gama yi mata ƙarya. Ta lissafa da yatsu, daga biyu da rabi ta cire tazarar azahar da magariba. Goma ɗin dai ta fito. Abin da ya rage bai fi rabin awa da 'yan mintoci ba.

Ta kira wayar Adijat, a kashe. Ta sake kira, a kashe. Sai ta tuna Fagge sun kwana babu wuta, wayar tana wurin mai caji, su kuwa kashe ta suke yi kafin su jona. Lambar Kaosarat ta Indiya kuma a cikin wayar nan kaɗai take.

"Monica!"

Monica ta leƙo da ludayi a hannu. "Lafiya, Anti? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu tukuna. Ajiye ludayin nan ki zo ki zauna a nan."

"Miyata tana kan wuta."

"Ta ƙone. Kin ga wannan? In ya yi ƙara, ki danna koren. Za ki ga Indiyawa. Ki ce musu uwar tana hanya. Kada ki ce komai bayan wannan."

"Ni? Da wane Turancin?"

"Da wanda kike zagin masu cin bashi da shi. In an ɗauke wuta ki ja janareta, na zuba mai."

Obiageli ta rantse tun shekarar da ɗan acaɓa ya zubar da ita a kwata ba za ta sake hawa babur ba. Ranar ta tsayar da na farkon da ta gani, ta tattare zane ta haye.

"Kwari. Ka yi gudu."

"Mama, ke da kanki kike cewa a yi gudu?"

"Bakinka na haya ko babur?"

Ya ja. Har mahaɗar Bata hanya ta yi kyau. Daga nan suka faɗa gosulo. Wata tirela ta kawo diloli tana son juyawa, 'yan A Daidaita Sahu sun cusa kai ta ko'ina, kowa yana danna oda kamar oda ce za ta ɗauke tirelar. Ɗan acaɓan ya bi ta gefen kwata, ya bi ta tsakanin masu lemo, gwiwar Obiageli ta daki bayan wata mota ba ta ko waiwaya ba. Idonta yana kan hannunta. Tana ganin dogon hannun agogon yana hawa.

A bakin Kwari babur ba ya shiga. Ta ce masa ya tsaya nan kada ya motsa, ya kuma tsayar da ɗan'uwansa guda. Ta kutsa cikin layukan kasuwar da ƙafa. Wanda ya san Kwari da safe ya san ba wurin sauri ba ne. Lungunan ƙanana, atamfa da shadda sun zubo daga kowane shago har ƙasa, 'yan dako suna tafe da dila a ka suna "Hanya! Hanya!" Ta ture wani, wani ya ture ta. Takalminta ɗaya ya tsinke, ta bar shi a nan. Wani mai shago da ya san ta ya ɗaga murya, "Madam, yau gobara ake a Sabon Gari?" Ba ta ji shi ba ma.

Ta tarar da Adijat ta baza wa wata mata leshi tana nuna mata aikin bakinsa.

"Alhaja, tashi."

"Maman Kelechi? Me ya faru? Waliu ne?"

"Ba Waliu ba ne. Goma ne, ba ɗaya ba. Tashi."

"Wane goma?"

"Zaman kwamitin. Ƙarfe goma. Yanzu."

Adijat ta tsaya da leshin a hannu. "Ke kika ce mini ɗaya. Na tambaye ki, kika ce..."

"Na ce. Kuskurena ne. Ki zage ni a hanya."

Matar da ke ciniki ta ce, "Hajiya, to nawa za ki bar mini?" Adijat ta sakar mata leshin a jiki ta fita ko mayafi ba ta gyara ba.

Suna fitowa bakin titi agogon hannun Obiageli ya cika goma. Ba ta faɗa ba. Adijat ma ba ta tambaya ba, ta dai ga inda idonta ya je. Suka hau babura biyu. Tirelar nan tana nan inda suka bar ta, sai 'yan acaɓan suka yanke ta wata hanya mai ramuka. A duk tafiyar Obiageli tana hango bayan ƙawarta, mayafinta yana tashi, leɓenta yana motsi da addu'a. Ko sau ɗaya ba ta juyo ba.

Tun daga bakin lungu suka ji ƙarar janareta da ƙaurin miya. Monica tana tsaye a ƙofar shago tana yarfa hannu.

"Sun kira! Sau biyu!"

"Kin ɗauka?"

"Na farko na ruɗe na danna jan. Na biyu na danna koren. Wani tsoho mai gilashi ya ce ni ce uwar? Na ce a'a, ni mai abinci ce. Ya ce me? Na ce uwar tana kan babur. Suka yi ta magana da yarensu. Na hango Kaosarat a gefe tana kuka."

"Sai me?"

"Ya ce za su ga wasu mutanen, in sun gama za su sake kira sau ɗaya. Ya ɗaga yatsa haka. Ɗaya."

Adijat ta zauna a kujerar gaban kwamfutar. Obiageli ta gyara kyamarar, ta duba layin intanet, ta sake dubawa. Babu sauran abin yi sai jira. Wani mutum ya leƙo da takardu zai yi kwafi, Monica ta kore shi tun kafin ya yi sallama.

Can Adijat ta yi magana, idonta a kan kwamfutar. "Da ba ki tuna ba fa?"

"Da kin zo sha biyu kin tarar sun tashi."

"Haka kawai za ki ce?"

"Haka ne ya faru. Me kike so in ƙara?"

"Shekara nawa muna tare, Obiageli. Ɗana ne fa."

Rabon da ta kira ta da sunanta tun haɗuwarsu a layin awo suna da ciki. Obiageli ta cire gilashi ta goge da bakin zane ta mayar. Gwiwarta ta kumbura, sai lokacin ta ji zafinta. Janareta ya yi tari sau ɗaya, su ukun suka juya suka dube shi, ya ci gaba.

Sai kwamfutar ta yi ƙara.

Mutum biyar ne a bayan dogon tebur, tsohon mai gilashi a tsakiya. A gefe ga Kaosarat, ta rame, idonta jawur. Hoton yana tsayawa yana tafiya. Tsohon ya tambaya wace ce matar da ke tsaye kusa da Adijat, Obiageli ta ce ita ce mai shagon, ita za ta yi tafinta, kuma jinkirin laifinta ne ba na uwar ba. Tsohon ya wuce kan aikinsa. Ya sa Adijat ta faɗi sunanta, da sunayen 'ya'yanta, da inda ta haife su, ta ɗaga fasfonta a gaban kyamara. Sannan ya yi tambayar da aka taru dominta. Obiageli ta juya ta da Hausa.

"Ya ce, ke kika sa Kaosarat ta ba da ƙodarta?"

Adijat ta dubi 'yarta. "Ki gaya masa ni ban so ba. Hana ta na yi. Na ce ɗaya yana kwance, ba zan miƙa ɗayar a yanka mini ba. Har mari na kai mata. Ta ƙi ji."

Kaosarat ta rufe baki da hannu. Monica ta raɗa daga baya, "Anti, kada ki faɗi wannan."

Obiageli ta san in ta faɗa yadda yake, mutanen nan suna iya cewa uwa ba ta yarda ba su rufe maganar. Ta kuma san ta riga ta yi wa matar nan ɓarna ɗaya yau da ganin ta fi kowa sani. Ba ta da ƙarfin zuciyar yin ta biyu. Ta juya maganar da Turanci yadda aka faɗe ta, har marin.

Mutanen suka dubi juna. Wata mace a cikinsu ta rubuta wani abu. Hoton ya daskare da fuskar tsohon baki buɗe, Adijat ta damƙi hannun kujera, sannan ya dawo.

"Ya ce, yau fa? Kin yarda ko ba ki yarda ba?"

"Yarinyar nan ba ƙarama ba ce, kuma a jikinta abin yake. Tunda ta nace, na yarda. Su dai su dawo mini da su biyu."

Tsohon ya ce sun gode, su jira a kan layi. Aka juya kyamarar ta kalli bango. Suna jin muryoyi ba sa gane komai. Adijat ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙafar tebur.

Da kyamarar ta juyo, Kaosarat ce kaɗai a gabanta.

"Mama, sun amince! Sun ce wadda uwarta ta mara don ta hana ta, ba tilasta ta aka yi ba. Alhamis za a yi, ƙarfe takwas na safe."

Adijat ta ɗaga hannu tana hamdala. Obiageli ce ta sunkuyo.

"Takwas ɗin wa?"

"Na nan, Mama."

"Akwai agogo a bangon ɗakin nan?"

"Akwai."

"Karanta mini abin da ya ce yanzu."

Kaosarat ta karanta. Obiageli ta dubi nata, ta lissafa a fili kowa yana ji, ta sa Kaosarat ta maimaita lissafin daga can. "Uku da rabi na dare ke nan a nan, Alhaja. Kafin asuba." Tun daga ranar, duk wanda ya kawo wa Obiageli gayyata daga wata ƙasa sai ta sa an kira mutumin can an tambaye shi ƙarfe nawa ne a gabansa, ko da kuwa mai gayyatar zai ji haushi.

Adijat ta miƙe ta gyara mayafi. A bakin ƙofa ta ce, "Yau ba zan iya kallon fuskarki ba, Maman Kelechi."

"Na sani. Ki bi a hankali, jininki."

Ba ta zo Laraba ba, ba ta zo Alhamis ba. Obiageli ba ta kira ta ba, don ta ga ba ta da bakin tambaya. Ranar Juma'a da hantsi tana buga wa wani takardar neman aiki sai inuwa ta tare ƙofa.

"An yi," in ji Adijat. "Sun farka su biyun. Waliu har ya nemi shayi."

Obiageli ta ɗaga hannu daga kan madannai. "To," ta ce. "Shigo ki zauna, kin tare mini haske."